Abinda aka tattauna kan katin High Priestess

Jama'a ga shi a taƙaice. Katin High Priestess (wato babbar malamar addini) shi ne lamba 2 a tarot, wata irin karta mai zane-zane da wasu ke duba da ita; a zanensa na 1909 mace ce zaune tsakanin ginshiƙi baƙi da fari masu harafin B da J, wato Boaz da Jachin, sunayen ginshiƙai biyu na haikalin Sulaiman, ga jinjirin wata a ƙafarta. Rumman ɗin dake labulen bayanta wasu sunce Persephone ake nufi, ta tatsuniyar Girkawa, wadda taci 'ya'yan rumman a ƙasar matattu shiyasa dole take komawa can duk shekara. Ma'anar katin dai sirri da haƙuri. Shawarar da ta fi min, ka fara ƙare wa zanen kallo kafin ka nemi fassara, kuma don Allah kar ka maida shi duba, asalin tarot karta ce ta wasa a Italiya tun ƙarni na 15.