Neman kalma: me za mu kira "front axle" na a-kori-kura?

Mai fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina fassara takardar koyarwa ta yara masu koyon kanikanci, gobe da safe zan miƙa. Na maƙale a babin cire "front axle" na a-kori-kura mai fowil, wato wadda ƙafafunta huɗu duk ke ja, da mayar da shi. Na'urar fassara wai "gatarin gaba" ta ba ni. Kafin yaro ya shiga ƙarƙashin mota neman gatari, a taimaka.

Tsohon makanike: Wa alaikumus salam. Wanne daga ciki? Abu biyu ne. Irin Land Cruiser 79, gabanta ƙarfe ɗaya ne dunƙulalle daga taya zuwa taya, shi muke kira aksul. Irin Hilux ta yanzu kuwa kowace ƙafa lotsawarta daban, sanduna biyu ne ke kai mata ƙarfi, ɗaya dama ɗaya hagu. Wannan shaf ne. Karanto mana abin da takardar ta ce.

Mai fassara: Ta ce a zare ƙusar makulli, wani ya taka birki a sassauta babban notin tsakiya. A ɗaga motar a tokare ta da kyau, kada a dogara da jak kaɗai. A kwance tayarod (sandar da sitiyari ke juya taya da ita) da bol-join na ƙasa (mahaɗin da ke riƙe ƙafar), a turo sandar ta fita daga hob (cibiyar da ake ɗaura taya a kai), sannan a ɓamɓaro kan sandar na ciki.

Tsohon makanike: Shaf ne. Rubuta "shaf ɗin gaba" ka je ka kwanta.

Malamin Hausa: Baba, da girmanka, amma shaf, hob, tayarod, bol-join, ina Hausar a nan? Turanci ne aka sa wa hula. Muna da mazari. Siririn abu ne, dogo, aikinsa juyawa, yana juya abin da ke jikinsa. "Mazarin ƙafar gaba". Na daɗe ina ba da wannan shawara.

Direba: Malam, in na ce wa makanike ƙafar gaba tana mazari, cewa zai yi rawa take, ya kama ɗaure notin taya.

Malamin Hausa: Wannan ba hujja ba ce. Kalma ɗaya tana ɗaukar ma'ana biyu a kowane harshe. Jirgi da ai na ruwa ne kawai, yau ga na sama ga na ƙasa, wa ya ruɗe?

Wani ɗan'uwa: Mu da muka yi aro daga Faransanci kardan muke cewa, kuma kowane yaron gareji ya san shi. Kullum in ana zancen daidaita kalma sai a ɗauki ta masu aron Turanci kamar ita ce Hausar asali.

Ɗalibar injiniya: Yaya, kardan sunan mutum ne, Cardano, masanin lissafi ɗan Italiya na ƙarni na 16. Kuma mahaɗin da aka sa wa sunansa shi ne mai kama da kuros, wato gicciye, na farfela, doguwar sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, wanda in ya lanƙwasa gudunsa ba ya daidaita. Na ƙafar gaba daban ne, kowace sanda mahaɗi biyu gare ta, na ciki da na waje. Na wajen galibi ƙwallaye shida ne a cikin keji, ƙirar Alfred Rzeppa, injiniyan kamfanin Ford, domin taya ta riƙa juyawa daidai ko an murɗe sitiyari ƙarshe. In aka rubuta kardan, wani zai kwance farfela.

Wani ɗan'uwa: To shaf ɗin ma ai farfela shaf ce. Ruɗanin ɗaya ne.

Malamin Hausa: Kun gani? Aro bai raba gardama ba. Mazari ba ya da wannan matsalar.

Tsohon makanike: Malam, ranar da ka kwanta ƙarƙashinta man giya na ɗiga maka a hannun riga, ka kira shi abin da ka ga dama. Kai mai fassara, abin da ya fi suna muhimmanci: kan ciki wani ɗan zoben ƙarfe ne ke riƙe shi. Kada yaro ya ja sandar da ƙarfi, sai mahaɗin ya rabu a cikin roba. A jikin kokon mahaɗin na ciki ake sa ƙarfe a ɓamɓara. Wajen mayarwa a kula da oyil sil, robar da ke hana man giya zuba, haƙoran shaf suna yaga shi. A tura har a ji ƙas, a ja kaɗan a ga ya kama. Noti a ɗaure shi da awon da kamfani ya rubuta, ƙusar makulli sabuwa, a duba man giya.

Mai fassara: Madalla Baba. To mahaɗan biyu fa?

Malamin Hausa: Gwiwa. Gwiwar ciki, gwiwar waje. Ko ita ma za a ce rawa take?

Tsohon makanike: Wannan kam ba laifi. Mai ƙas-ƙas ɗin nan in an sha kwana, gwiwar waje ce, robarta ta fashe giris ya tsiyaye ƙasa ta shiga.

Mai fassara: To na rubuta: shaf ɗin ƙafar gaba, gwiwar ciki, gwiwar waje, aksul ga dunƙulallen. Kardan zan ambata sau ɗaya a farko saboda masu cewa haka. Na gode.

Malamin Hausa: Mazari fa?

Mai fassara: Sai bugu na biyu, Malam, in Allah Ya kai mu.

Malamin Hausa: Haka aka ce mini bara.