Wane suna za mu ba tamostat kafin Asabar?

Mai Shirin Asabar, Kumasi: Assalamu alaikum. Asabar ɗin nan zan yi shiri a rediyo kan zafin inji a tsofaffin motoci, kuma yawancin masu saurarena direbobin Aboabo da Asawase ne. Lagireto, fambel, famfon ruwa, gaskit, duk an san su. Tamostat ne ya tsaya mini a wuya. Fijo 504 ta marigayi babanmu ce ta jawo maganar. A cunkoson Kejetia allura ta hau ja, tururi ya turnuƙe bonet. Muka sauya fambel, muka wanke lagireto, ba ta daina ba. Ashe ɗan ƙarfen nan da bai cika tafin hannu ba ne ya maƙale a rufe. Ina son sunan da tsoho zai ji ya gane aikin abin.

Hajiyar Nima: Ma'aunin zafi mana, ɗana.

Masta na Suame: Hajiya, ma'auni shi ne allurar da ke gaban direba. Wannan ba ya nuna komai, hanya yake tarewa. Da sanyin safiya a rufe yake don inji ya yi saurin ɗumi. Akwai kakin da ke cikinsa, in ruwa ya kai wajen digiri 80 sai ya narke ya kumbura, ya tura bakin ya buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Gwajinsa ba wuya: jefa shi a tukunyar ruwa kan wuta. In ruwa ya kusa tafasa bai buɗe ba, ya mutu. Yaranmu a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, cire shi suke yi su yar, ni kuwa ba na yarda, don inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, ya sha mai, ya ci jikinsa. Ni ƙofar ruwa nake ce wa masu mota.

Malamin Hausa, Sabon Zongo: Ƙofa ai ta ɗaki ce. Harshe yana da ƙa'ida: buɗe ya ba mu mabuɗi, auna ya ba mu ma'auni, to daidaita zai ba mu madaidaici. Madaidaicin zafi. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka.

Direban Asawase: Malam, a gafarce ni. In na ji madaidaicin zafi, zan ɗauka ana nufin zafin da bai yi yawa ba, kamar madaidaicin tuwo. Kalmar tana da mai ita tun tuni.

Malamin Hausa: Abin da ke damunmu ke nan a Gana. Mun cika bakinmu da Turanci da Asantanci, mace ma "ya zo" muke ce mata, sannan in an kawo kalma mai asali mu ƙi ta. A Kano ba za a yi wannan gardamar ba.

Hajiyar Nima: Malam, lagireto da fambel daga ina Kanawa suka samo su? Kakanninmu fatauken goro sun yi Hausa a Salaga tun kafin mota ta shigo ƙasar nan. Babban malamin nan Alhaji Umaru a Kete Krachi ya zauna yana rubutu da Hausa har ya rasu a 1934. Ba aro muka yi ba, gado ne.

Malamin Hausa: A Kano aka haife shi, Hajiya.

Hajiyar Nima: A ƙasarmu kuma kabarinsa yake.

Mai Shirin Asabar: Iyayena, ku yi haƙuri, kwana biyu ya rage mini. Ga abin da zan yi: zan ce tamostat sau ɗaya, don shi mai kantin kayan mota zai gane a Suame ko Abossey Okai ta Accra, daga nan in ci gaba da ƙofar ruwa.

Masta na Suame: Ya yi. Ka kuma ja musu kunne kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Murfin yana danne ruwa ne har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗewa zai yo fuskarka. In kuma sun ga farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar koko da madara, gaskit ya ƙone, su kashe mota nan take.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba. Amma in dole sai ƙofa, a ce ƙofar ruwan inji, kada wani ya zaci famfon gida ake nufi. A ajina dai madaidaici zan ci gaba da faɗa.

Mai Shirin Asabar: Na karɓi gyaran, Malam. Ƙofar ruwan inji. Masta, don Allah ka ajiye mini mataccen guda ɗaya, zan biyo Juma'a bayan masallaci in ɗauka.