Me ya sa ba a hukunta kowa ba kan gidajen yarin sirri na CIA?

Ɗalibin Shari'a:
Assalamu alaikum, malamai. Tun da Shugaba Bush ya amsa a Satumban 2006 cewa CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, na tsare mutane a ɓoye, me ya hana a gurfanar da waɗanda suka ba da umarni?

Malam Mai Nazari:
Wa alaikumus salam, ɗana. Rahoton kwamitin Majalisar Dattawan Amurka na Disamban 2014 ya ƙirga mutum 119 da aka tsare, aƙalla 26 daga cikinsu bisa kuskure. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Gul Rahman, da sanyi ya kashe a 2002 kusa da Kabul, yana ɗaure da sarƙa a kan dandamalin siminti. Sai dai lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka sun riga sun halatta wasu tsauraran hanyoyin yi wa fursunoni tambayoyi a rubuce, jami'ai kuwa suka fake da takardun.

Hajiya Lauya:
Malam, a ƙara da cewa CIA ta lalata faifan bidiyo 92 na tambayoyin da aka yi wa fursunoni a 2005. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai dai ta kama Poland da laifi a 2014, ta kuma umarce ta da biyan diyya ga Abu Zubaydah, fursunan da CIA ta tsare a ɓoye a ƙasar.