Neman shawara: in ajiye aiki in rungumi rubutun labaran kimiyya?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta ƙagaggun labaran kimiyya da na almara, irin na tafiya wasu duniyoyi da na sihiri. Da aikin ofis nake ci, amma shi ke cinye mini lokaci, kafin in dawo gida kaina ya yi nauyi. Littafina na farko ya maƙale a tsakiya. Zuciyata na raya mini in ajiye aikin in fuskanci rubutu gaba ɗaya. Don Allah a ba ni shawara.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki saki reshe ki kama ganye. Isaac Asimov, shahararren marubucin labaran kimiyya, ya fara fitar da labari a 1939, amma bai daina koyarwa a Jami'ar Boston ba sai 1958, lokacin da rubutu ya isa ya riƙe shi.

Anti Bilki: Ni Octavia Butler zan tuna miki, marubuciya baƙar fatar Amurka. Ta yi wankin kwanuka, ta yi aikin duba soyayyen dankali a masana'anta, tana tashi ƙarfe biyu ko uku na dare ta yi rubutu kafin ta fita. Littafinta na farko bai fito ba sai 1976. A 1995 ta samu tallafin MacArthur, babbar kyautar kuɗi da ake ba masu hazaƙa a Amurka, ita ce ta farko da ta same shi cikin marubutan labaran kimiyya. Ban ce ki hana kanki barci ba. Amma a yanzu ragowar ƙarfinki kike ba rubutun. Ki juya lissafin: awa ɗaya da sassafe, waya a kashe, kafin ofis ya taɓa kanki.

Nura: Anti, ku gafarce ni, ina ganin ba lokaci ne kaɗai ba. Irin wannan labari yakan maƙale idan marubuci bai kafa dokokin duniyarsa ba. Yaya Sadiya, sihirin littafinki me ba zai iya ba? Wanda ya yi amfani da shi me yake asara?

Sadiya: Wallahi Nura, tauraruwata ba ta asarar komai. Duk abin da ta nema tana samu.

Nura: To nan ne. Ki ɗauki takarda ki rubuta abin da za ta rasa duk sanda ta yi sihirin, sannan ki koma babin da kika tsaya.