Zolayar Ingila ko ta Amurka, wacce ta fi cin fuska?

Bakano a Manchester: Jama'a, yau raina ya ɓaci. A wurin aiki shayi ya zube mini a wando, na yi tsalle, sai wani Bature ya dinga kwaikwayona har sau uku, kowa na dariya. Da ya ga na ɗaure fuska sai ya ce "only taking the mickey, mate", wai wasa yake. Shekara biyu na yi a Houston. Can in an zolaye ka, sai a ce "just messing with you", a dafa kafaɗarka, magana ta ƙare. Na Ingila kuwa fuska a murtuke suke yi, ba ka gane wasa ne ko gaske. Wallahi zolayarsu wulaƙanci ce.

Malamar Turanci: Ƙanina, ai "mickey" ce mai ladabin. Ta titi ita ce "taking the piss". Ana danganta "mickey" ɗin da salon 'yan Cockney na gabashin Landan, masu musanya kalma da wata mai amo ɗaya, suka ce "Mickey Bliss" a maimakon "piss".

Direban tirela a Texas: Hajiya, wannan kalmar ma rikici ce. A nan in aka ce mutum ya yi "pissed", ya fusata ke nan. A Ingila kuwa ya bugu da giya.

Bakano a Manchester: Ni "mate" ɗin ce ta fi ƙona min rai. Yaushe na zama abokinsa?

Ɗalibi a Leeds: Haba Yaya, direban bas ma "mate" zai ce maka. Kamar a ce "malam" ne a Kano.

Direban tirela a Texas: Ƙarya ne! "Malam" girmamawa ce. Kada ka haɗa su.

Ɗalibi a Leeds: To mai shayi da kake kira malam, almajiransa nawa?

Direban tirela a Texas: Kai yaro, wata shida a Turai har ka fara gyara wa manya Hausa?

Malamar Turanci: Ku bar "malam". Abin da suke kira "banter" kusan wasan taubasai ne. Wanda suka ɗauka nasu shi suke tsokana. Baƙo ba a taɓa shi.

Bazazzagi: Ikon Allah, Bakano ke kukan zolaya? Ku da ba ku bar mu mun sha ruwa ba tun kaka da kakanni!

Bakano a Manchester: Bawana, ba da kai nake ba. Manya na magana.

Bazazzagi: Ka ga ni? Yanzu ka kira ni bawa, ban yi fushi ba. Bature ya ce maka aboki, ka kasa barci.

Direban tirela a Texas: Ba ɗaya ba ne, ku kun gaji wasanku.

Ɗalibi a Leeds: Amurkawan da kake karewa su ke da "roast". A zaunar da mutum a kujera a talabijin, a yi masa tatas gaban duniya.

Direban tirela a Texas: Da yardarsa ake yi!

Shugaban zaure, daga Birmingham: Na rufe nan. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda Baturen bai yi laifi ba, "mate" daidai take da "malam", kuma zolayar Amurka ta fi muni. Direba kaɗai ya ƙi, shi ma bai kawo hujja ba. Bakano, gobe ka ce masa "you're winding me up", wato tsokanata kake, ka yi dariya, ka miƙa masa shayi.