Neman shawara: wane ne ainihin Reddington, kuma in ci gaba da kallo ko in haƙura?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu kallon The Blacklist ku zo ku fitar da ni daga duhu. Ni da maigidana muke kallonsa bayan isha'i idan yara sun yi barci. Mun kai ƙarshen zango na biyar, shi ya ce ya haƙura, wai raina wa mutane hankali ake yi. Ni kuma abin ya tsaya min a rai.

Ga wanda bai san shirin ba: Raymond Reddington tsohon hafsan sojan ruwan Amurka ne da ya ɓace tun 1990, ya zama gawurtaccen mai laifi. Rana ɗaya ya shiga hedikwatar FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, da ƙafarsa, ya durƙusa, ya miƙa kansa, ya ce zai riƙa ba su sunayen manyan miyagu, amma ba zai yi magana da kowa ba sai wata sabuwar ma'aikaciya, Elizabeth Keen, wadda ake kira Liz. Tun daga nan kowa ke cewa ubanta ne. A ƙarshen zango na huɗu gwajin DNA ya tabbatar Reddington ne ya haife ta, har muka yi ajiyar zuciya. Sai ga shi ƙarshen zango na biyar an ce ƙasusuwan da ke cikin akwatin nan, waɗanda mijinta Tom ya rasa ransa a kansu, na Reddington na gaskiya ne. Ke nan wannan mai malafar da muke gani wani ne daban ya ari suna.

Hasashena shi ne wani ɗan Rasha ne, aminin mahaifiyarta Katarina Rostova, wanda ya ciro Liz daga gobara tana 'yar shekara huɗu, don an nuna mana tabon ƙuna a bayansa. Shin ina kan hanya? Sannan za a faɗi ko shi wane ne, ko haka za a yi ta ja na? Idan ba za a faɗa ba gara in sani tun kafin in kai waya wurin mai turi. Wanda zai fasa ƙwai don Allah ya sa gargaɗi a sama.

Baban Sadik:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Fara da lissafi. Tashar talabijin ta NBC ta fara nuna shirin a Satumban 2013, ya ƙare a Yulin 2023, zango 10, kashi 218. Kin kalli 111, saura 107, kowanne kusan minti 43. Ba ƙaramin lokaci ba ne ga mai gida da yara. Kuma zan faɗa miki abu ɗaya da ba zai ɓata miki labari ba: har aka rufe shirin babu inda wani ya buɗe baki ya ce "wannan shi ne wane". An dai nuna, an kuma nuna, har sai wanda ya ƙi gani ne ba zai gani ba. Idan furuci kike jira, maigidanki ya fi ki gaskiya. Idan alamu sun ishe ki, ki ci gaba.

Anti Balki:

Ƙanwata, ni ba zan taɓa abin da ke gabanki ba, da abin da kika riga kika kalla zan yi miki magana, don kusan amsar tana nan a hannunki.

Hasashenki ba laifi, amma ki auna shi da abubuwa kafin ki riƙe shi. Ki tuna a zango na farko Liz ta tambaye shi ta waya ko shi ne mahaifinta. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a'a. Daga baya ya ce mata mahaifinta ya mutu. Mutumin nan kuwa yana yawan nanata cewa bai taɓa yi mata ƙarya ba; ɓoye mata magana yake yi, ya kewaya, ya kawo labarin wani gari da wani abinci, amma ƙarya ƙiri-ƙiri ba ya yi mata. Ƙasusuwan nan sun nuna cewa a waɗannan biyun gaskiya ya faɗa.

To koma zango na huɗu, lokacin da Alexander Kirk, mijin Katarina, ya ɗaure shi a kan kujera yana azabtar da shi da allurai. Da ya matsa masa, ya ce Elizabeth 'yarsa ce. Wasu za su ce wuya ce ta sa, ba zan musa ba. Amma abin da ya biyo baya shi ne wurin da na fi so ki maimaita kallo. Kirk ya ɗauko allurar da zai kashe shi, babu abin da ya rage masa a duniya sai wannan fansar. Sai mutumin ya raɗa masa wata magana a kunne, mu ba mu ji ba. Fuskar Kirk ta sauya, ya ƙura masa ido, ya fasa. Ki tambayi kanki: wace magana ce aminin matarsa kawai zai faɗa da za ta sa miji mai cike da kishi ya sauke hannu? Idan hasashenki bai amsa wannan ba, da sauransa.

Sai tsoho Dom, mahaifin Katarina. A zango na uku, da aka ɗauka Liz ta rasu, mutumin da yake da gidaje da jirgin sama da kuɗi ko'ina ya ƙare ne a gidan tsohon nan. Ya zauna, ya sha faɗa, tsohon yana ɗora masa laifin rasa 'yarsa, shi kuma bai tafi ba, har ya zauna yana gyara masa fiyano. Ki lura babu wanda yake yi wa Reddington magana da wannan muryar ya kwana lafiya. Ki kuma ƙara da Kaplan: ita ce mai renon Liz a gidan Katarina, ita ce kuma ta yi shekaru tana share wa Reddington ɓarnarsa. Da ta je tono akwatin, sunan wa ta kira tana neman gafara? Katarina.

Shawarata: ki daina tambayar abin da aka faɗa, ki riƙa duba wa yake sassauta wa mutumin nan, kuma me ya sa.

Habu Mai Shago:

Anti Balki kin kusa fasa ƙwan ai. Ni dai ina tare da maigidanki, Hajiya. Gwajin DNA ɗin nan da jinin wata tsohuwar riga aka yi shi, wadda Cooper, shugaban su Liz a FBI, ya ɗauko daga ma'ajiyar shaidu, ba da jinin mutumin da ke zaune a gabansu ba. Hukuma irin FBI, tana tare da mutum kullum, yana shan shayi yana ajiye kofi, a ce babu wanda ya gwada shi kai tsaye da Liz aka fito da sakamako a fili? Marubuta ne suke toshe hanya da gangan don shirin ya daɗe. Idan labari ya kai inda mutanen ciki suke ƙin yin abin da mai hankali zai yi, ni sai in ajiye.

Anti Balki:

Malam Habu, a zango na huɗu Liz da bakinta ta ce ta taɓa ɗaukar samfurinsa tun farkon haɗuwarsu, ta kai gwaji, sakamako ya zo ta jefar ba ta buɗe ba saboda tsoron abin da za ta gani. Kana iya cewa dabarar marubuta ce, amma ba su manta da tambayar ba.

Malam Nura:

GARGAƊI: Maman Ilham, daga nan zuwa ƙarshen maganata akwai abin da ya faru daga zango na shida zuwa na goma. Idan ba kya so, ki tsallake.

Hasashenki shi ne daidai tarkon da aka ɗana a zango na shida. A can Dom zai ba Liz labari cewa mutumin nan Ilya Koslov ne, abokin Katarina tun yarinta, wanda aka yi wa tiyatar sauya kamanni ya zama Reddington don su kwashe kuɗin da ke asusunsa a banki. Mutane da yawa sun yarda. Zango na bakwai ya rushe wannan, don Ilya na gaskiya yana nan da ransa, mutum ne daban. A wannan zangon kuma wata mata ta fito tana cewa ita ce Katarina, Liz ta bi ta, har ta juya wa Reddington baya a kanta. Daga baya aka gane sunanta Tatiana Petrova, an saka ta a gaba ne don masu farautar Katarina su bi ta.

To a lissafa. Uba ya mutu, Liz ce ta harbe shi tana ƙarama a daren gobarar. Ilya ba shi ba ne. Matar da ta ce ita ce uwa ba ita ba ce. Katarina ta shiga teku a Cape May, wani garin bakin teku a Amurka, amma ba a ga gawa ba, kuma an tabbatar ta fito da rai. Ina take tsawon shekaru talatin, ita da ta fi kowa son yarinyar? A kashi biyu na ƙarshen zango na takwas, wanda ya fita a 2021, Reddington ya kai Liz wata maɓoya a Latbiya, aka ba da tarihin cikin hoto baƙi da fari. Katarina ta bayyana cewa ita ta ƙirƙiri sabon Reddington don ta ɓace wa maƙiyanta kuma a ci gaba da tsaron 'yarta. Sannan Reddington ya ce wa Liz akwai wasiƙa daga mahaifiyarta, amma ba za ta karanta ba sai bayan mutuwarsa. Me zai haɗa wasiƙar uwa da mutuwar wani namiji? Da aka harbe Liz tana mutuwa a hannunsa, aka riƙa jera hotonsa da na Katarina ɗaya bayan ɗaya.

Abin da mafi yawan masu kallo suka fahimta shi ne Reddington ɗin nan Katarina ce da kanta. Da wannan ne kawai maganganun nan biyu suke zama gaskiya a lokaci guda: ba shi ne mahaifinta ba, kuma 'yarsa ce. Da shi ne kuma Kirk, Dom da Kaplan suke zama daidai. A kashin ƙarshe ma, a 2023, Agnes, 'yar Liz, ta ce masa ta waya yana yi mata abu irin na uwa, ya amsa cewa ba yadda zai yi. Daga nan ya mutu a Sifaniya, bijimi ya kashe shi, ba tare da ya furta ba.

Ni shawarata ki kalla zuwa ƙarshen zango na takwas ki tsaya. Wanda ya ƙirƙiri shirin, Jon Bokenkamp, da Megan Boone mai fitowa a Liz duk sun bar shi a nan. Zango biyun da suka biyo baya ba su ƙara wani abin kirki a kan wannan tambayar ba.

Ummu Hafsa:

GARGAƊI, amsa ce ga Malam Nura.

Malam, ni wannan fassarar ce ta sa raina ya ɓaci da shirin. A ce mace ta koma namiji, ka shafe shekaru kana ƙaunar jarumi sannan a kawo maka wannan? Ban ji daɗi ba, kuma ina ganin ya kamata 'yar'uwa ta san da shi kafin ta zuba lokacinta. Sannan a hankalce ma, murya fa? Tsayi fa? Tiyatar wancan zamanin ta kai nan?

Malam Nura:

Malama, kina da haƙƙin ƙin abin, kuma gaskiya ne gara ta sani. Abin da zan ƙara shi ne shirin bai ɗauke shi a matsayin wa'azi ko kira ga wani abu ba. Ya kawo shi ne a matsayin matakin ƙarshe da 'yar leƙen asiri ta ɗauka lokacin da Rasha da Amurka duk suke neman ranta. Batun murya da tsayi kuwa ba ni da abin kare shi, sai dai shiri ne da tun zango na farko yake kawo likitoci masu yin abin da ba ya yiwuwa. Akwai masu kallo da har yau ba su yarda da wannan fassarar ba, kuma tunda ba a furta ba, babu mai tilasta musu.

Yaya Sani:

Ni ban kalli Blacklist don in san ko shi wane ne ba. James Spader mai fitowa a Reddington nake kallo, yadda zai zauna gaban wanda zai kashe ya ba shi labari cikin natsuwa. Sai Dembe, Musulmi ɗan Saliyo da Reddington ya ceto a Nairobi yana ɗan shekara 14, ya sa shi a makaranta. Ya san sirrin, ana nuna shi yana salla, kuma shi ne yake yawan gaya wa ubangidansa cewa ya kamata ya faɗa wa Liz gaskiya. Amanar da ke tsakaninsu ta fi min wancan sirrin daɗi. Abu ɗaya dai, Maman Ilham: ku ci gaba da kallo bayan yara sun kwanta, don akwai kisa da azabtarwa da ba na idonsu ba.

Baban Sadik:

Kuma kar ki buga sunansa a Google ko YouTube idan kin zaɓi ki gano da kanki. Tun kafin ki gama rubutawa za a jero miki amsar, hotunan bidiyoyin ma kaɗai sun isa. Ki ce wa mai turi ya sa miki zango ɗaya kawai, na shida, mai rubutun fassara a ƙasa. Idan kin gama shi kina son ƙari, sai ki koma.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsallake duk inda aka sa gargaɗi, na Malam Nura da na Ummu Hafsa, sai na gama zan dawo in karanta. Anti Balki, na koma na kalli wurin Kirk ɗin, kuma gaskiya aminin Katarina kawai ba zai sa shi ya fasa ba. Yanzu ina da wani zargi, amma ba zan faɗa ba tukuna. Zan karɓo zango na shida kamar yadda Baban Sadik ya ce. Maigidan na karanta masa maganar Dom da fiyano, ya ce zai zauna kashi biyu ya gani.

Anti Balki:

Madalla ƙanwata. Kafin ki shiga na shidan, ki sake kallon kashi na 19 a zango na uku, wanda ya je wani tsohon masauki a bakin teku a Cape May ya haɗu da wata mata. Ki lura da wanda yake faɗin wace magana a tsakaninsu, da abin da mutumin bakin ruwan ya gaya masa da gari ya waye.