Sake gina indes ko sabunta ƙididdiga, wanne ya taɓa fidda ku?

Ɗan Ƙofar Kaura: Salamu alaikum jama'a. Ni ke kula da rumbun bayanan wani babban kantin magani nan cikin Katsina, SQL Server ne, teburin ciniki ya kusa layi miliyan 10. Duk ƙarshen wata rahoton da ke fitowa cikin daƙiƙa biyar sai ya koma minti goma, akawu na tsaye bisa kaina da kalkuleta yana tsaki. In na sake gina indes, wato jerin da injin ke bi ya nemo layi da sauri, da dare, safiya na yi komai garau. Amma aikin na cin awa biyu, log, fayil ɗin da ke rubuta kowane canji, ya kumbura, ranar nan ma tsakiyar aiki aka ɗauke wuta inbata ta mutu, duk wahalar ta tashi a banza. Wa ya taɓa shiga irin wanga hali?

Injiniyan Daura: Wa alaikumus salam. Malam ba ginin ne ke warkar da kai ba, ƙididdiga ce, wato bayanin da injin ke ajiyewa kan yawan layuka da irin abin da ke cikinsu don ya zaɓi hanyar nema. In ka sake gina indes ai sai ya karanta kowane layi, to nan take yake sabunta ƙididdigar indes ɗin a kyauta, kai kuma ka ɗauka ginin ne. Ni ma na daɗe ina wannan a wata makaranta, har ranar da na buga UPDATE STATISTICS, umarnin sabunta ƙididdiga, shi kaɗai kan teburin sakamakon jarrabawa, minti uku sauri ya dawo, wallahi har kunya na ji. Ka ɗauke shi kamar shago ne, ginin indes shi ne kwashe kaya daga kanta a sake jerawa, ƙididdiga kuwa littafin da ke gaya wa yaron shago katon nawa ke sito. In littafin ya ce katon ɗaya alhali dubu ne, yaro zai tafi hannu biyu maimakon ya tura baro, ya yi ta zirga-zirga har la'asar, komin kyan jerin kantar.

Anti Mai Lissafi: Gaskiyar Injiniya ce. Ƙanena ka duba matakin dacewa na rumbun naka tukuna, wato lambar da ke nuna tsarin wace siga ta SQL Server yake bi. A tsohon tsari sai kashi 20 cikin ɗari na layuka da ƙarin 500 sun canza kafin ya sabunta ƙididdiga da kanshi, wato kai sai layi miliyan 2, yaushe? Daga 2016, in matakin ya kai 130, a tebur irin naka canji dubu 100 ya isa. Kuma cinikin kwanan nan shi ne bai shiga ƙididdigar ba, ita ta tsaya a watan jiya, shi ya sa rahoton ƙarshen wata ne ke sarƙewa ba na bara ba. Haka ta faru da mu a ofis, mun sayi sabuwar saba amma rumbun yana nan a matakin 2008, wato 100, ba wanda ya lura.

Ɗan Sabuwar Unguwa: Ni kuskurena daban ne, ku yi dariya. Aikin dare na shirya, a gina indes sannan a bi da sabunta ƙididdigar tebur gaba ɗaya, ashe na biyun samfuri kawai yake ɗiba, yana goge cikakkiyar da ginin ya yi. Na yi wanka na koma cikin turɓaya kenan. Kuma ku sani ginin ba ya taɓa ƙididdigar da injin ya ƙirƙira da kanshi, masu fara suna da _WA_Sys ɗin nan, REORGANIZE kuwa, mai gyara jeri ba tare da gini ba, ba ruwanshi da ƙididdiga sam.

Baba Tsohon Hannu: To yara kar ku jefar da ginin duka fa. Mun taɓa goge bayanan shekara biyar, rabin tebur, shafuka suka zama fanko, ƙididdiga ba ta maido da wurin ba sai da muka gina. Tsohuwar shawarar Microsoft ita ce warwatsewar shafukan indes tsakanin kashi 5 zuwa 30 a gyara jeri, sama da 30 a gina, amma zamanin faifai mai juyawa ne abin ya fi ciwo, da SSD, faifan zamani marar juyawa, ban cika damuwa ba. Gargaɗi ɗaya dai, in ba Enterprise, babban bugun SQL Server, gare ka ba ginin kulle tebur yake. Na yi shi da rana sau ɗaya, masu karɓar kuɗi suka tsaya cak, layi har bakin titi, Alhaji ya kira ni sau bakwai.

Mai PostgreSQL: Mu a namu injin, PostgreSQL, ANALYZE ce ƙididdiga, REINDEX ginin. Duk sanda na loda bayanai masu yawa ANALYZE nake bugawa kafin in tashi, ba na jiran autovacuum, mai yin aikin da kanshi. REINDEX CONCURRENTLY kuma, ginin da ba ya tsayar da masu aiki, sai daga siga ta 12.

Ɗan Ƙofar Kaura: Allah ya saka da alheri. Anti kin canka, matakin 100 na tarar. Jiya bayan isha'i na sabunta ƙididdigar teburin ciniki da FULLSCAN, wato ya karanta kowane layi, minti shida, ban taɓa indes ko ɗaya ba, rahoto ya fito kafin akawu ya ja kujera. Baba, ɗaga matakin zuwa 130 ɗin nan, in gwada a kwafi tukuna ko in ɗaga kawai ranar Juma'a da aka tafi masallaci?

Baba Tsohon Hannu: A kwafi, ɗana. A kwafi.